Kundin Tafiyar da Gwaggo Ba Ta Je Ba

Shekara talatin da takwas Gwaggo ta yi tana ɗinkin littattafai a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa shiga ɗaya daga cikin manyan motocin da take jin rurinsu ta taga ba. Teburinta yana can ƙurya, tsakanin injin yanka da tarin kwalaye. A kansa akwai gwangwanin gam, da allurai uku a soke a jikin soso, da zare mai kaki, da wani ɗan ƙashi mai santsi da take murje ninkin takarda da shi. In aka kawo mata littafin da ya wargaje kamar figaggiyar kaza, kafin la'asar za ta miƙo shi yana buɗuwa yana rufuwa kamar ƙofar sabon gida. Yatsunta sun yi kanta, har ta kan ɗauki kofin shayi mai tafasa ba ta sani ba.

Ba ta haifi kowa ba, amma kowa Gwaggo yake ce mata, har mai maɗaba'ar da ya girme ta. Tana da shekara goma sha huɗu mahaifinsu ya rasu, ya bar ta da uwa mai ciwon ƙafa da ƙane ɗan shekara uku da ake kira Auta. Ta ajiye jakar makaranta ta kama ninkin takarda. Da wannan allurar ta ciyar da gidan, da ita Auta ya yi karatu har ya gama. An taɓa yin wani mai gyaran inji da ake turowa daga wani gari mai nisa, ya ce yana son ta, ta bi shi su zauna can. Ta ce masa sai jikin Inna ya yi sauƙi. Mutumin ya jira shekara biyu, ya auri wata. Inna kuwa sai da ta yi shekara goma sha ɗaya a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa.

A lokacin Auta ya zama mutum, yana da shagunan fenti har uku. Ya ce bai kamata yayarsa ta zauna ita kaɗai ba, mutane za su zage shi. Ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke jikin kicin, wanda a da ake ajiye buhuna a ciki. Da safe ta yi wa yara wanka ta haɗa musu abin karin kumallo kafin ta fita aiki, da yamma ta dawo ta tarar da tukwane suna jiran ta. Matar Auta, wadda Gwaggo ba ta daina kira Amarya ba ko bayan shekara goma sha biyu, ma'aikaciyar ofis ce. Ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba. Da murmushi take yanka, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga jini.

Yaran biyu ne. Babbar shekararta goma sha ɗaya, ana ce mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa kuma ba abin da ke shiga kunnenta ya kwana. Ƙaramin shekararsa bakwai, ana ce masa Shiru. Shi ne yake labewa a ɗakin Gwaggo in an yi masa faɗa, ya zauna yana wasa da gutsattsarin takardun da take kawo masa daga wurin aiki.

A shekarar da Gwaggo ta cika hamsin da biyu, Auta ya sayi sabuwar mota. Ran nan ana cin abinci sai ya ce in an yi hutun makaranta zai kai su bakin teku, kwana goma.

"Har da ke, Yaya," in ji shi. "Ai kin sha wahala. Ki je ki ga ruwa."

Gwaggo ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da kwashe kwanuka kamar ba ta ji komai ba. Amma washegari ta nemi hutu a wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba tun rasuwar Inna. Ta kai ɗinki kala biyu. Ta sayi takalmin roba, don an ce mata yashi yana cin fata. Saura mako biyu a tafi jakarta ta riga ta zauna a bayan ƙofa, a zuge.

Ranar tafiya Gwaggo ce ta fara fitowa, sanye da sabon ɗinkinta, tana tsaye a jikin mota ana loda kaya. But ɗin bayan motar ya cika har sai da Auta ya danna shi da gwiwa. Can sai ga Amarya da mai gadi suna ɗauke da wata ƙatuwar kula shuɗiya, irin wadda ake zuba ƙanƙara da lemo. Aka juya ta nan, aka juya ta can, ba inda ta shiga. Amarya ta buɗe ƙofar baya ta ce a ɗora ta a kan kujera.

"To, Yaya fa?" in ji Auta, yana duban agogonsa.

Amarya ta dafa kafaɗar Gwaggo. "Ni tun jiya abin yake damuna. Awa tara a mota, da wannan bayan naki, Yaya? Mu je ki kwanta mana ciwo a garin mutane? Ga gidan kuma ba kowa sai mai gadi, kin san halinsa da barci. In Allah ya yarda wani hutun sai a shirya miki sosai."

Gwaggo ta dubi ƙaninta. Shi kuwa ya sunkuya yana duba iskar taya.

Aku ta leƙo ta taga tana dariya. "Kula ta tafi, Gwaggo ta kula da gida."

Har Auta sai da ya murmusa, ya ce yarinyar nan bakinta sai ita. Motar ta fita, mai gadi ya ja ƙofa. Gwaggo ta ɗauki jakarta ta koma ciki. Kwana goman nan ba ta koma aiki ba, don kada a tambaye ta. Ta zauna a gida ta wanke labule, ta goge tagogi, ta fitar da kayan kabad ɗin kicin ta mayar. In za ta sayi burodi sai ta aiki mai gadi.

Suka dawo sun yi baƙi, suna ƙamshin wani sabulun da ba na gidan ba. Aka ba ta tsarabar ɗankwali. Tana zazzage jakunkuna don wanki ta ci karo da wata leda cike da tarkace: tikitin shiga kwalekwale, tikitin gidan namun daji, taswirar gari da ta jiƙe ta bushe, takardar goge baki mai tambarin otal, bawon katantanwa iri-iri, gashin wani farin tsuntsu, da yashi a cikin robar magani.

"Kada ki zubar," in ji Aku. "Malama ta ce kowa ya haɗa kundin abin da ya yi da hutu. Za a ba da kyauta."

Amarya ta ce ita ba ta da lokacin wasan gam. "Ga gwana a gida. Yaya, ki taimaka musu mana."

Gwaggo ta so ta ce a'a. Amma hannunta ya riga ya fara miƙar da taswirar a kan cinyarta, yana lallashin inda ta naɗe.

Mako uku suka yi suna aikin, kullum bayan la'asar, a teburin cin abinci da aka shimfiɗa wa tsofaffin jaridu. Gwaggo ta zo da takarda mai kauri, ruwan madara, ragowar wani aikin da aka yi wa banki. Ta nuna musu yadda ake ninka ta huɗu-huɗu, a huda da tsinke, a ɗinke. Ta saka siririn kwali tsakanin shafuka don kada littafin ya kumbura ya yi hamma in an liƙa masa kaya. Ta koya wa Shiru shafa gam daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, ba irin shafin da yake yi kamar mai shafa man gyaɗa a burodi ba. Yashin ta ɗinka masa 'yar aljihu ta farar leda yadda za a gan shi ba zai zube ba. Bawon katantanwar ta huda su da bakin allura ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fashe. Da Auta ya wanko hotuna, ta yanka musu kusurwoyi na baƙar takarda, don a cewarta hoto ba ya son gam a bayansa.

Aku ce mai rubutu, Shiru mai zane, Gwaggo mai tambaya. Ba ta liƙa abu sai ta san labarinsa. Wannan tikitin na wace rana ce? Kwalekwalen yana girgiza? Da kuka shiga ruwan, sanyi ne ko ɗumi? Ƙarar fa, kamar ta me?

"Kamar injin wanki," in ji Shiru.

"Kamar ana ta zazzage tsakuwa daga tifa," in ji Aku. Da ta ga yadda Gwaggo ta ajiye almakashi ta yi kasaƙe tana saurare, sai wani abu ya ɗarsu a ranta. Ta taɓa ƙafar ƙaninta a ƙarƙashin tebur. "Kin san kuma, Gwaggo, da sassafe ruwan ba shi da gishiri. Garau yake, har sha muka yi. Sai rana ta ɗaga gishirin yake tasowa daga ƙasa."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo.

"Kuma kifayen sun saba da mutane. In kin tafa hannu sau uku sai su zo su jeru."

Shiru ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe. Daga ranar kullum sai Aku ta zo da sabuwa. In sun shiga ɗaki Gwaggo tana jiyo dariyarta ta bango, ta ɗauka nishaɗin yara ne.

Wata rana Shiru ya zana motar a shafi na biyu, da kawuna huɗu a tagogi da shuɗin akwati a baya. Ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya ruga ɗakin Gwaggo ya ɗauko ɗan ƙaramin hotonta na katin aiki da yake gani a cikin gwangwanin maɓallai, ya shafa masa gam daga tsakiya zuwa gefe, ya manna a kan akwatin.

"Ga ki nan," in ji shi. "Kin je."

Gwaggo ta jawo shafin gabanta. Ta sa ɗan ƙashinta ta murje gefen hoton a hankali har ya kwanta.

Aku ta dawo daga shan ruwa ta gani. "Malama ta ce ban da ƙarya." Ta sa farce ta ɓamɓare shi, ya taho da fatar takardar. Ta ajiye wa Gwaggo hoton a gabanta, fuskar a ƙasa. "Ki rufe wurin da wani abu, ya yi muni."

Gwaggo ta yanko 'yar shuɗiyar takarda ta rufe wurin. Kula ta koma kujerarta.

Kundin ya fito abin kallo. Bango mai kauri an lulluɓe shi da ƙyallen shuɗin yadi, an ɗaure da igiya, taswirar tana buɗewa gida uku. Shi ya zo na ɗaya a makarantar gaba ɗaya. Gwaggo tana kicin ta ji Amarya tana waya da ƙawarta a falo: "Wallahi ban yi barcin kirki ba sati uku. Amma ai yara sai da zama da su."

Bayan an dawo da shi daga makaranta, hannuwa sun sassauta masa gindi. Gwaggo ta sa shi a jaka ta tafi da shi wurin aiki don ta ƙara masa gam ta danne shi a injin matse littattafai. Tana fito da shi Doguwa, mai haɗa shafuka a teburin da ke kusa, ta miƙo wuya. Kafin ka ce me an kewaye teburin: Doguwa, da 'yan mata biyu masu ninki, da Mai Yanka, wani tsamurarren dattijo da ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciyarsa.

"Ashe hutun da kika ɗauka ke nan," in ji Doguwa tana buɗe shafuka. "Gwaggo an ga duniya. Ya ba na ganin ki a hotunan?"

Nan ne ya kamata ta faɗi gaskiya. Kalmar tana bakinta. Amma mutum huɗu suna kallon ta da irin idon da ba a taɓa kallon ta da shi ba tunda take.

"Ni nake ɗauka," in ji ta.

Daga nan bakin ya buɗe. Ta ba su labarin kwalekwale da yadda yake girgiza, da ƙarar ruwan kamar ana zazzage tsakuwa, da biran da suka ƙwace wa Shiru ayaba. Ta san kowace rana da abin da aka yi a cikinta fiye da waɗanda suka je. Tana faɗa tana ganin abin a idonta, har tana jin yashi a tsakanin yatsun ƙafarta. Sai ta kawo zancen ruwan safe da ba shi da gishiri.

Doguwa ta dubi Mai Yanka. Mai Yanka ya sosa haɓa.

"Haka ne," in ji shi a hankali. "Sai wanda ya je ya san wannan. Kin sha kuwa?"

"Kofi biyu."

"Madalla. Gobe sai ki ƙarasa mana."

Kundin ya yi kwana goma sha biyu a maɗaba'ar, alhali gyaran na yini ɗaya ne. Kullum lokacin cin abincin rana sai a jawo kujeru. Masu injin bugu ma suka fara shigowa da kwanukansu. Mai Yanka ne ke jan zaren: kifayen fa, Gwaggo, sau nawa ake tafa musu? Nuna mana yadda ake yi. Sai ta ajiye cokali ta tafa sau uku, su kuwa su sunkuyar da kai a kwano, kafaɗu suna rawa. Ta ɗauka daɗin labarin ne. A kwanakin nan har tafiyarta ta sake, ta fara zuwa aiki da sabon ɗinkin nan da bai je ko'ina ba.

Ranar Alhamis Amarya ta ɗauko yara daga makaranta ta biyo ta maɗaba'ar, don za ta yi baƙi da yamma tana so ta nuna musu kundin. Ba wanda ya ji shigowarsu saboda ƙarar inji. Gwaggo tana zaune a tsakiya, kundin a buɗe a cinyarta, tana cewa, "To da muka shiga kwalekwalen, sai na ce wa Auta ya riƙe yaron nan da kyau."

"Wane kwalekwale, Gwaggo?"

Aku ce, jakar makaranta a bayanta, idanunta suna ƙyalli.

"Ai ba ta je ba," ta faɗa wa jama'ar. "A gida muka bar ta. Kula ce ta zauna a wurinta."

Doguwa ce ta fara fashewa. Sauran suka bi, dariyar kwana goma sha biyu da aka danne ta fito gaba ɗaya, har wani yana dukan tebur. Mai Yanka yana share hawaye ya ce, "'Yata, tun ranar ruwan safe muka sani. Shekara tara na yi a kan teku ban taɓa samun na shayi ba."

"Ni na faɗa mata wannan," in ji Aku, tana tsalle. "Har da na kifin? Ta faɗi na kifin?"

Amarya ba ta yi dariya ba. Ta matso da murmushinta ta gyara wa Gwaggo ɗankwali. "Haba Yaya. In kina son zuwa haka ai sai ki faɗa. Ku yi haƙuri da ita, don Allah, girma ne ya fara kamawa. A gida ma sai muna lura da ita."

Gwaggo ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli kowa ba. Ta rufe kundin, ta daidaita gefensa a kan tebur kamar yadda take yi wa kowane aiki, ta taka zuwa injin yanka. Shekara talatin da takwas tana zaune kusa da shi, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta tura kundin ƙarƙashin wuƙa, ta taka ƙarfen da ke danne takarda, ta danna maɓallan injin guda biyu. Wuƙar ta sauko ta raba shi biyu, ana jin bawon katantanwa suna fashewa. Ta juya shi ta sake. Ta sake. Yashi ya tsiyayo a kan ƙarfen injin. Kafin Mai Yanka ya iso ya kashe wuta, kundin ya zama sirara shida, kowanne da rabin fuskar wani.

Aku ta sa ihu. Amma Shiru ne ya zo ya kama gefen zanin Gwaggo, yana kallon fuskarta.

"Gwaggo, da zanena a ciki."

Shi kaɗai ne a ɗakin bai wulaƙanta ta ba, kuma shi kaɗai ne ta ga za ta iya huce haushinta a kansa. Ta fizge zaninta.

"Kai ma ka sani ka yi shiru. Munafuki. Zanen naka ma kamar kaza ta taka tawada. Ni nake bi ina gyarawa in ka yi barci."

Ƙarya ce, ba ta taɓa taɓa masa zane ba. Ta ga maganar ta shige shi har ƙashi, kuma a wannan lokacin ta ji sanyi a ranta.

Da yamma Auta ya kira ta falo. Bai ce ta zauna ba. Ya ce ta kunyata shi a gaban ma'aikata, ta firgita masa yara, kuma wanda ya iya sa wuƙa a kan hoton iyalinsa ba a san abin da zai yi gobe ba. Ya ce baƙin ciki ne ya tsufa da ita.

"Duk abin da na yi miki, Yaya? Ci, sha, wurin kwana?"

Ta dubi bakin da ta ciyar da cokali yana lissafa mata ci da sha. Ta ce, "Na gode." Jakarta ba ta yi wuyar haɗawa ba.

Ta kama ɗaki a wani gidan haya mai famfo ɗaya, layi biyu daga maɗaba'ar. Aikin ba ta bari ba, don ba ta da wani. Suna ya bi ta: Gwaggo Ruwan Safe. Sababbin ma'aikatan da ba su san mafarin ba ma haka suke kiran ta, in za ta wuce wani ya tafa hannu sau uku. Ita ma ta sauya. Yarinyar da aka ba ta ta koya wa ɗinki ba ta yin wata uku sai ta gudu da kuka. In aikin bai yi mata ba, ba ta nuna gyara. Sai ta jira a gama tsaf, ta sa reza ta tsinke zaren, ta tura wa mai shi.

Haka aka yi shekara goma sha huɗu. Mai maɗaba'ar ya rasu, ɗansa ya kawo injin da ke ɗinke littafi ɗari kafin ta zura zare a allura. Aka ba ta agogon bango da takardar yabo, aka sallame ta. A duk shekarun nan sau biyu Auta ya aiko mata da buhun shinkafa ta hannun direba.

Sai wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofarta. Wani dogon saurayi ne mai gilashi, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa. Sai da ya yi magana ta gane Shiru. Ya ce Baba ya faɗi a shago wata biyar da suka wuce, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ba ta fita. Masu jinya uku aka ɗauka duk sun gudu. Ga shi Aku za ta haihu a can ƙasar da take aure, Mama za ta tafi ta zauna da ita, shi kuma zai raka ta ya wuce makaranta.

"Mama ta ce a tambaye ki ko za ki zo ki zauna da shi. Wata biyu kawai."

"Kai ma kana so in zo?"

Ya kalli bangon da ke bayanta. "An aiko ni ne, Gwaggo."

"Kana zane har yanzu?"

"A'a."

Ta tafi. Amarya ta rungume ta a ƙofa ta ce jini ba ƙarya ba ne, ta nuna mata magunguna da lokutan shansu, mota tana jira a waje. Auta yana kwance a babban ɗakin sama, ya rame, bakinsa ya karkace. An jawo gadonsa jikin taga don ya riƙa ganin titi, Amarya ta ce shi ne kaɗai abin da ke ɗebe masa kewa. Yakan yini yana bin motoci da ido. Da ya ga yayarsa sai hawaye suka gangaro ta ido ɗaya. Ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da wani abu mai kama da "Yaya".

Gwaggo ta tsaya har ta ji an rufe ƙofar gida. Sai ta kira mai gadi ta ce ya kama mata gadon, iskar taga ba ta da kyau ga mai irin wannan ciwon. Suka juya shi ya fuskanci bango. Ta saki labule.

Wata biyu suka zama shekara uku, don Amarya in ta dawo ba ta daɗewa sai wata tafiyar ta taso. Ba a taɓa ganin jinya irin wadda Gwaggo ta yi wa ƙaninta ba. Tana juya shi duk bayan awa biyu, ko ƙurji ɗaya bai fito masa a baya ba. Zanin gadonsa kullum a goge, farcensa a yanke, magani ba ya wuce minti ɗaya. Likitan da ke zuwa dubiya ya ce da a ce kowane majinyaci yana da irin wannan 'yar'uwa, da asibitoci sun huta. Maƙwabta suna kawo 'ya'yansu su gaishe ta don su ga abin koyi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ba ta yi masa hira. Ba rediyo, ba labarin wanda ya mutu ko wanda ya haihu. In an bugo waya daga can sai ta ce yana barci. Da rana takan zauna a kujera a bayansa, inda ba zai gan ta ba, ta ɗan ɗaga gefen labulen tana kallon titi ita kaɗai. Wani lokaci yakan yi ta gurnani yana ƙoƙarin juyo da wuyansa wajen hasken, hannunsa mai lafiya yana dukan katifa. Sai ta bari ya gaji don kansa. In lokacin abinci ya yi ta zagayo da kwano, ta sa masa tawul a ƙirji, ta hura cokalin har ya huce daidai yadda ba zai ƙona shi ba.

"Buɗe baki," in ji ta.